An Yanke Wa Baƙin Cikon Haƙori Wa'adi: Ina Makomar Mai Ciwon Haƙori A Kurmi?

A farkon watan Nuwamba na shekarar 2025 wakilan ƙasashen duniya suka yi taro a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan, suka yanke shawarar cewa daga shekarar 2034 za a daina ƙera baƙin cikon nan da likitoci su ke toshe kogon haƙori da shi, watau amalgam, a kuma daina cinikinsa tsakanin ƙasashe. Labarin ya zo ya wuce ba wanda ya ɗaga kai a ƙasar nan, domin hankalin jama'a yana wajen tsadar abinci da kuɗin mota da na haya. Amma fa magana ce da ta shafi aljihun talaka, musamman ɗan Arewa mazaunin Kurmi wanda haƙoransa suka daɗe suna ruɓewa ɗaya bayan ɗaya, bana a cike wannan, baɗi a cire wancan, har ya fara tunanin ko jifa aka yi masa.

Shi dai wannan ciko haɗi ne na zaiba da garin azurfa da kuza da jan ƙarfe, kuma zaibar ita ce wajen rabin nauyinsa. An fi shekara 150 ana aiki da shi, saboda yana da araha, yana jure tauna, kuma ba shi da wuyar sha'ani a hannun likita. Zaibar ce ta jawo masa baƙin jini. A shekarar 1956 aka gano wata muguwar cuta a garin Minamata na ƙasar Japan, inda wata masana'anta ta daɗe tana zubar da dattin zaiba cikin teku. Kifi ya ci, mutane suka ci kifi, ƙwaƙwalwarsu da jijiyoyinsu suka lalace, mata suka riƙa haihuwar 'ya'ya naƙasassu. Da sunan wannan gari aka ƙulla yarjejeniyar rage zaiba a duniya cikin 2013, ta fara aiki cikin 2017, Nijeriya kuma ta tabbatar da shigarta cikin 2018.

Tun daga nan a ke ta matsa wa amalgam lamba. A taron da aka yi a Bali ta ƙasar Indunisiya cikin 2022 aka amince a guji sa shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da mata masu ciki da masu goyo. Tarayyar Turai ta hana aiki da shi daga ranar 1 ga Janairu, 2025. Abin lura kuwa shi ne ƙasashen Afirka ne suka kai ƙudurin a daina baki ɗaya, suna neman a tsaya kan 2030. Bayan ja-in-ja aka daidaita kan 2034, aka kuma bar wa likita 'yar ƙofa idan ya ga lalurar majiyyaci ta tilasta.

Kada wanda ya ke da baƙin ciko a bakinsa ya ji wannan ya firgita. Damuwar masu yarjejeniya ta fi karkata ga zaibar da ke bin magudanan ruwa da juji daga asibitoci, kuma ko a nan ma masu haƙar zinariya ta gargajiya sun fi likitocin haƙori watsa ta nesa ba kusa ba. Cikon da ya zauna daram, ba ya ciwo, bai tsage ba, shawarar masana ita ce a ƙyale shi. Fasa shi ya kan ci wani sashe na lafiyayyen haƙori, sa'an nan a lokacin fasawar ne ma tururin zaibar ya fi tashi. Duk wanda ya ce wa mutum ya kawo kuɗi a canza masa cikonsa don kawai an ce za a hana, to, a tambaye shi abin da ya gani ya lalace.

Wanda zai gaji amalgam shi ne farin ciko mai kalar haƙori. Ya fi kyaun gani, kuma da ya ke mannewa ya ke yi, ba a bukatar a rarake haƙori da yawa kafin a sa shi. Sai dai yana da sharuɗɗa. Tilas wurin ya bushe ƙayau, yawu bai taɓa shi ba, tilas a sami fitila ta musamman da za ta daskarar da shi, watau ana bukatar wutar lantarki, kuma ya fi cin lokacin likita, saboda haka ya fi tsada. Binciken da aka yi na gwada su biyun a turamen haƙora ya nuna farin ya fi saurin bukatar sakewa, ruɓa kuma ta fi komowa ta gefensa, musamman a bakin da dama can ruɓar ba ta tsaya ba. To, ga inda gizo ke saƙar. Baƙin ciko ya kan yi haƙuri da sakacin mai shi, ya yi shekaru. Fari ba shi da wannan haƙurin. Wanda bai kashe tushen cutar ba zai riƙa komawa asibiti fiye da da, yana biyan kuɗi fiye da da.

Ba Tsutsa Ba Ce

Har gobe a kan sami mai magani a tasha ko a bakin kasuwa ya turara wa mutum hayaƙi a baki, ya nuna masa wata 'yar tsutsa a kan auduga ya ce ga abin da ke cin haƙorinka. Wannan rufa-ido ne. Babu tsutsa cikin haƙori. Abin da ke akwai shi ne wani danƙon datti da ke taruwa a jikin haƙori, cike da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Da zarar sukari ya shiga baki sai su ci, su fitar da tsami, tsamin nan kuwa shi ke narkar da ɓawon haƙori, duk da cewa babu abin da ya kai ɓawon nan tauri a jikin ɗan Adam. Allah ya sa yawu ya zama mai gyara: cikin rabin sa'a zuwa sa'a guda ya kan wanke tsamin, ya mayar wa ɓawon abin da ya rasa. Muddin yawu yana samun wannan sarari, haƙori ya kan tsira.

Saboda haka yawan lokutan da zaƙi ke shiga baki ya fi yawan zaƙin kansa ɓarna. Mutumin da ya sha kofin shayi mai sukari tashi ɗaya tare da abincinsa ya ba haƙoransa yaƙi ɗaya ne. Mai gadin da ya ajiye kofi a gefensa a wata ƙofar gida a Ikoyi ko Ikeja, yana kurɓa kaɗan-kaɗan tun bayan lisha har asuba don kada barci ya ɗauke shi, shi kam haƙoransa kwana su ke yi cikin tsami. Haka direban babbar mota da ya taso daga Apapa da minti a kunci da gwangwanin lemon ƙara kuzari a gefen kujera, haka mai faci, haka mai tura kura da ya ke kashe ƙishirwa da lemon kwalba sau uku a wuni.

A nan ne zaman Kurmi ya ke shigowa cikin maganar. A gida mutum ya san tuwon dare da ɗumame da fura, zaƙi kuwa sai rake ko alewa ranar kasuwa. Da ya zo Ikko ko Fatakwal ko Anaca neman kuɗi, gwauro ne ko da yana da mata biyu a gida, ba murhu ba tukunya, sai teburin mai shayi ya zama ɗakin girkinsa: burodi da shayi mai madarar gwangwani da safe, biskit da lemo da rana, shayi kuma kafin a kwanta. Na ƙarshen nan shi ya fi muni, domin yawu ya kan ja baya idan mutum ya yi barci. Ba abin mamaki ba ne mutumin da ya kai shekara talatin bai san ciwon haƙori ba, ya yi shekara biyar a Kurmi ya koma gida da giɓi.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cikin 2015 cewa kada sukarin da a ke ƙarawa cikin abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba jiki ƙarfi a wuni, in ma da hali a tsaya a kashi 5, watau wajen giram 25, kimanin ƙaramin cokali shida. Kwalbar lemo guda mai santilita 50 ta kan ɗauki abin da ya kai ninkin wannan. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin Naira 10 bisa kowace lita ta lemon zaƙi cikin dokar kuɗi ta 2021, aka fara karɓa cikin 2022. Naira 5 ke nan a kwalba. Ko yaron makaranta bai ji ta a jikinsa ba, balle ta hana shi saye.

Akwai kuma bushewar baki, wadda mutane ba su cika danganta ta da haƙori ba. Wasu magungunan hawan jini da na mura su kan rage yawu. Haka taramadol da wasu samari ke sha don su jure aikin ƙarfi, haka maganin tari mai kodin wanda gwamnati ta hana cikin 2018, shi ma ya haɗa masifa biyu, ga zaƙi kamar zuma ga busar da baki. Mai ciwon sukari wanda bai kula da kansa ba shi ma bakinsa ya kan bushe, dasashinsa ya kumbura. Duk wanda haƙoransa suka tashi ruɓewa gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, ya kamata a auna jininsa, a kuma duba magungunan da ya ke sha.

Asuwaki abu ne mai kyau, addini ya kwaɗaitar da shi, Yarbawa ma suna da nasu da su ke kira orin, kuma wanda ya iya riƙe shi ya kan share dattin haƙori sarai. Abin da ya rasa shi ne isasshen fuloraid, watau sinadarin da ke taimakon yawu wajen gyara ɓawon haƙori ya kuma ƙara masa jure tsami. Wanda haƙoransa ke ruɓewa ba ya bukatar ya yar da asuwakinsa. Ya dai haɗa da man goge baki mai fuloraid kashi 1,000 zuwa 1,500 cikin miliyan, a kan rubuta adadin a jikin kwalin, ya goge sau biyu a wuni, na biyun ya zama shi ne abu na ƙarshe kafin barci. In ya gama ya tofar kawai, kada ya kurkure da ruwa, domin kurkurewa wanke maganin ta ke yi. Jan da goro ke bari a haƙori kuwa ba ruɓa ba ne, kuma dirza shi da gawayi ko toka cinye ɓawon ya ke yi.

Sai Ta Ɓaci A Ke Zuwa

Rahoton da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta fitar cikin 2022 ya ce mutum wajen miliyan 3,500 ke fama da cututtukan baki a duniya, kuma wajen miliyan 2,000 daga ciki ruɓewar haƙoran girma ce. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da ruɓewar ta fi yawa. Matsalarta dabam ce: mafi yawan haƙoran da suka ruɓe ba a taɓa yi musu magani ba, mutane kuma ba sa zuwa wurin likita sai zogi ya hana su barci, lokacin da sau da yawa ba abin da ya rage sai cirewa.

Hanyar da a ke bi kafin a kai can sananniya ce. A fara da kanumfari, wanda lalle ya kan ɗan kashe zafi na ɗan lokaci. Daga nan a je kemis a sayi maganin ciwo da kafso. In abin ya ƙi, wani ya danna asfirin a jikin dasashi ya ƙone shi, wani ya ɗiga fetur, wani har ruwan batir. Ran nan sai ciwon ya ɗauke, mutum ya yi hamdala ya ce ya warke. Ashe jijiyar haƙorin ce ta mutu, ƙwayoyin cuta kuma suka sami ɗaki a cikin saiwar, inda jini ba ya kai magani. Shi ya sa kafso ya kan kwantar da kumburi amma ba ya raba mutum da cutar. Bayan wata biyu ko shekara sai mugunya ta taru, fuska ta haye. Idan kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ta gagara, ga zazzaɓi, wannan ba ciwon haƙori ba ne kuma. Yana iya toshe numfashi ya yi kisa, kuma asibiti a ke kai irinsa a daren nan, ba a jiran gari ya waye.

Masu cire haƙori na bakin titi su ma suna da ciniki, domin suna da araha kuma ba a yankar kati. Amma awartakin da ya fito daga bakin wani ya shiga bakin wani ba a dafa shi ba hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau, sa'an nan in saiwa ta karye ta maƙale a ƙashi, ba su da hoton da za su gan ta. Likitan gaskiya yana da rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, kuma ba laifi ba ne a tambaya.

Wani abin takaici shi ne ɗan Arewa da ke Kurmi ya fi 'yan'uwansa na gida kusa da likitocin haƙori. Makarantar koyon likitancin haƙori ta farko a ƙasar nan an buɗe ta ne cikin shekarun 1960 a Jami'ar Ikko, a Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe da kafa zango. Ta Badun tana asibitin koyarwa, ba nisa da Sabo. Tsofaffin makarantun duka, har da na Ife da Binin, a Kudu su ke. Amma mutum sai ya shekara ashirin yana wuce ƙofar asibitin bai taɓa leƙawa ba. Dalilan ba boyayyu ba ne: wuni guda a layi asarar cinikin wuni ne, ga rashin jin Turanci ko Yarbanci, ga tsoron allura, ga jita-jitar cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido, alhali kuwa babu wannan. Duk da haka asibitocin koyarwa da na gwamnati sun fi na kuɗi sauƙi, ko da ya ke sai an yi haƙuri da jira.

Zaɓin Da Zai Ɗore

Wanda ya gaji da faci yana son magani mai ɗorewa, abu na farko da zai nema shi ne a duba bakin gaba ɗaya, a ɗauki hoto, a gaya masa haƙora nawa suka taɓu, wanne za a iya ceto, wanne ya riga ya tafi, sau nawa zai zo, kuma jimlar kuɗin nawa ne. Likitan kirki ya kan bi tsari: ya fara da kashe ciwo da mugunya, ya share kogunan ya toshe su ko da da cikon wucin gadi ne, ya shafa fuloraid, ya yi wa mutum magana kan shayinsa da lemonsa, sa'an nan ya jira 'yan watanni ya ga ko ruɓar ta tsaya. Sai bayan nan a ke maganar aiki mai tsada. Yin hula ko gada a bakin da ruɓa ke ci yaɓe ne a bangon da gara ke ciki. Ya kamata kuma a sani cewa babu cikon da ke zama har abada, kuma duk sa'ad da aka fasa aka sake, ramin ƙara faɗi ya ke yi, har wata rana ya isa jijiya.

Idan ruɓa ta riga ta kai jijiya, hanya biyu ce, ko a cire haƙorin ko a yi masa wankin saiwa. Wankin saiwa shi ne a buɗe haƙori, a fitar da matacciyar jijiya, a wanke ramukan saiwar, a toshe su, galibi kuma in turmi ne a sa masa hula don kada ya tsage. Aiki ne mai kyau, haƙorin da aka yi wa shi daidai ya kan yi shekaru da yawa yana tauna. Amma ya kan ɗauki zuwa biyu ko uku, kuma a nan ne 'yan ci-rani su ke asarar kuɗinsu. Zuwan farko ya kan ɗauke ciwon ƙaf. Sai damina ta faɗi, ko Sallah ta ƙarato, mutum ya ɗaure kayansa ya hau mota da cikon wucin gadi a bakinsa, yana cewa in ya komo ya ƙarasa. Kafin kaka cikon ya faɗi, abinci ya cika ramin, wata rana ya tauna ƙashi ko tsakuwar shinkafa haƙorin ya rabe biyu. An biya kuɗin ceto, an kuma biya kuɗin cirewa. Wanda ya san tafiya na gabansa ya faɗa wa likita tun ranar farko, a tsara aikin ya ƙare kafin ya tashi, ko kuwa ya karɓi takarda da hoton haƙorin ya kai wa wani likita a Kano ko Zariya ko Maiduguri ya ƙarasa. In kuwa ya tabbata ba shi da kuɗin ƙarasawa har da hular, gara ya faɗi gaskiya a cire tun farko.

Cirewa ba abin kunya ba ce, wani lokaci ita ce daidai. Sai dai arahar tata ta ranar ce kawai. Haƙoran da ke maƙwabtaka da giɓin su kan karkato, na sama ko na ƙasa da ke fuskantarsa ya kan zazzago, ƙashin wurin ya kan motse, abinci ya sami sababbin wuraren maƙalewa. Amma kuma ba kowane giɓi ne tilas a cike ba. Cikakken baki haƙora 32 ne, masana kuwa sun daɗe da amincewa cewa mutum mai lafiyayyun haƙora 20, na gaba da waɗanda ke biye da su, yana iya tauna abincinsa ya yi magana ba tare da wata matsala ba. Mai ƙaramin ƙarfi da ya rasa turmin can ƙurya ya fi dacewa ya kashe kuɗinsa wajen tsare waɗanda suka rage.

Cike giɓi hawa-hawa ne. Haƙorin roba mai cirewa shi ne mafi araha, amma yana tara datti a jikin haƙoran da ya jingina da su, saboda haka tilas a cire shi da dare a wanke. Irin wanda a ke liƙa wa mutum a kasuwa ya zauna ba ya fita, wannan kam ruɓar da maƙwabtansa ya ke yi. Gada ta fi daɗin zama, sai dai a kan fere haƙora biyu na gefe kafin a ɗora ta. Dashe, watau a kafa ƙusar ƙarfen titaniyam cikin ƙashi a ɗora haƙori a kai, wanda aka fara yi wa ɗan Adam a ƙasar Suwidin cikin 1965, shi ne mafi tsada, ya kan ɗauki watanni kafin ƙashi ya kama, kuma ya fi saurin lalacewa ga mai shan taba da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba. Ba ya ruɓewa, gaskiya ne, amma dasashi da ƙashin da ke riƙe da shi suna kamuwa da cuta. Masu hali da ke zuwa Masar ko Indiya ko Turkiyya a yi musu baki guda cikin mako ɗaya ya kamata su tambayi kansu wa zai gyara in wani abu ya kwance bayan shekara biyu. Ko haƙorin Makka, da ya ke ado ne da alamar an sauke farali, in bakinsa bai zauna daidai a jikin haƙori ba abinci ya kan shige ƙarƙashi ya yi ɓarna a ɓoye, don haka yana da kyau likita ya riƙa duba shi.

Duk waɗannan kayan aiki daga waje a ke shigo da su. Kafin watan Yuni na 2023 dalar Amurka a farashin gwamnati wajen Naira 460 ce, cikin 2024 ta haura Naira 1,500, kuɗin ciko da hula da allurar kashe zafi suka bi ta. Ga kuma likitoci matasa da ke ta ficewa zuwa Ingila da Kanada da ƙasashen Larabawa. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga, Jihar Ikko ma tana da nata shirin mai suna Ilera Eko, amma mai gadi da mai shayi ba su da ma'aikatar da za ta yanke musu daga albashi, sai sun kai kansu. Wanda zai shiga ya tambaya dalla-dalla wane aikin haƙori shirin ya ɗauka, domin galibin irin waɗannan shirye-shirye ba sa kaiwa ga aiki mai tsada kamar dashe.

Nauyin Da Ke Kan Hukuma

Tun da Nijeriya tana cikin masu wannan yarjejeniya, wajibi ne ta tanadi abin da talaka zai koma gare shi, kuma abin yana nan. Cikin 2021 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa abubuwa uku na haƙori cikin jerin muhimman magunguna. Ɗaya man goge baki mai fuloraid. Ɗaya wani irin siminti na garin gilashi wanda ke manne wa haƙori yana kuma sakin fuloraid a hankali. Ana iya share kogo da ƙananan kayan hannu a cusa shi, ba injin haƙa, ba lantarki, sau da yawa ma ba allura, dabarar da aka fara gwadawa a Tanzaniya cikin shekarun 1980. Bai kai amalgam ƙarfi a babban rami ba, amma a ƙaramin kogo, da kuma bakin da a ke son a fara tsayar da ruɓa, ya yi. Na ukun wani ruwa ne na azurfa da fuloraid da a ke ɗigawa a kan ruɓa ta tsaya cik. Aibinsa shi ne wurin ya kan yi baƙi ƙirin, don haka ya fi dacewa da turame da haƙoran yara da na tsofaffi.

Waɗannan ba sa bukatar babban asibiti. Ma'aikacin haƙori da aka horar yana iya yin su a ƙaramin asibitin unguwa, a Agege ko Mile 12 ko Sabon Shagamu, in an ba shi kayan. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ma suna da abin yi, domin su ke da bakin da za su nemi asibitocin koyarwa su riƙa fitowa zango duba jama'a, su kuma ba da samari masu jin harshe biyu su yi tafinta.

Ba sai an jira 2034 za a ga ko an shirya ba, tun da yara 'yan ƙasa da shekara 15 sun riga sun shiga cikin waɗanda aka ce a guji sa musu amalgam. Turmin farko na girma yana fitowa ne wajen shekara shida, can bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba, don haka iyaye da yawa su kan ɗauka na famfara ne su ƙyale shi ya ruɓe. Shi ne haƙorin da ya fi kowanne saurin lalacewa, kuma uban da ya kai ɗansa asibitin unguwa da ɗan baƙin ɗigo a kansa yana da haƙƙin ya tarar da simintin gilashi cikin kabad, da wanda ya iya sa shi.